Alhaji, wannan ba ƙashin Samudawa ba ne

Salamu alaikum jama'a. Alhaji na ga hoton da ka turo kana tambaya wai ko ƙasusuwan Samudawa ne aka tono a Nijar. A'a wallahi, ba ma na mutum ba ne, dubi haƙoran nan da tsayin bakin mana. Kada ne, irin wanda aka haƙo a Gadufawa, can cikin Tenere a jihar Agadas, Sarcosuchus suke ce masa, ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. Nan ne kuma aka samo Nigersaurus, wani ƙaton dinoso na zamanin da, mai haƙora wajen 500, shi ganye kawai yake ci. Wani Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono a wurin tun shekarun 1960, daga baya Paul Sereno na jami'ar Chicago ya zo da mutanensa.

Na san abin da ke cin ranka, me ya kai kada cikin rairayi. To lokacin ba rairayi ba ne, koguna ne da dausayi. Dabba ta mutu laka ta binne ta, ruwan ƙasa ya yi ta cusa ma'adinai cikin ƙashin har ya koma dutse, itace ma haka yake yi, akwai su wajen Ingal, kututture guda amma dutse ne.

Kuma ni abin da ke ƙona min rai ma ba na Nijar ba ne, namu ne na Sakkwato. Teku fa ta taɓa rufe yankin nan! Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita cike take da ɓawon halittun teku, ana niƙewa ana zubawa a buhu. Wata dabbar ruwa da aka tono, masanan Italiya suka sa mata Goronyosaurus a 1972 saboda Goronyo, tana cikin littattafan duniya, amma je ka tambayi ɗan sakandare a Goronyon, wa ya taɓa gaya masa? Ko allo ɗaya a bakin hanya, ko ranar Asabar a kwashi yara a mota a kai su su gani da idonsu, me zai ci? Ga Dange, ga Wurno, ga Dukamaje, su ma duk an samu irin waɗannan ƙasusuwa... bari dai in bar wannan, raina ɓaci yake.

Duk wanda zai shiga Yamai don Allah ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, ƙwarangwal ɗin irin waɗannan dabbobi na nan a tsaye, ya ɗauko bidiyo ya turo wa Alhaji.