Hukuncin ɗibar ɓargon yarinya don a dasa wa ƙanenta mai sikila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a Aboabo, Kumasi. Ɗana mai shekara 9 yana fama da sikila tun yana goye. Likita ya ce ɓargon yayarsa mai shekara 13 ya dace da nasa, ana iya yi masa dashe. Kawunsu ya ce ba ya halatta a taɓa lafiyayyen yaro. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa.

Ya halatta. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali waɗanda su ke haifar da jini kullum. A Toronto aka tabbatar da su a 1961, kuma tun 1984 aka ga dashensu ya raba wata yarinya da sikila a Amurka. Ana sa wa mai bayarwa maganin barci, a zuƙi ɓargon da allura daga ƙashin ƙugu, cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Ba kamar ƙoda ba ce da in an cire ta tafi ke nan. Ya fi kusa da ba da jini.

Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) ta zauna a Makka a 2003, ta halatta ɗibar waɗannan ƙwayoyi daga baligi da yardarsa, daga yaro kuma da izinin waliyyinsa, matuƙar ba za a cutar da shi ba. Abin da ta haramta shi ne a zubar da ciki da gangan ko a haɗa ɗan tayi don a ɗebe su. Naku bai shiga nan ba.

Amma kawun bai yi maganar banza ba. Waliyyi amana aka ba shi, ba mallaka ba. Yarinya mai shekara 13 tana da wayo. A zaunar da ita a gaya mata za ta ji ciwo a ƙugu na kwanaki. In ta ƙi, ban ga dalilin tilasta ta ba. Shi ma yaron, ku sa likita ya faɗa muku haɗarin ƙarara: maganin da ake share tsohon ɓargo da shi yana iya taɓa haihuwa, sabon ɓargon kuma yana iya yaƙar jikinsa.

Dashe ba ya sauya nasaba ko gado. Maniyyinsa nasa ne, don haka zai iya gadar wa 'ya'yansa sikila ko ya warke. Ran da zai yi aure a gwada jinin yarinyar da zai aura.

Su kuwa ƙwayoyin haɗiya da ake tallatawa a WhatsApp da sunan waɗannan ƙwayoyin asali, wai suna warkar da sikila da ciwon suga, kada ki ba da sidi ɗaya. Sayar da su a kan wannan da'awa yaudara ce, haramun ne.

Wallahu a'alam.