Sunan gonar gado: ku fara tambayar ƙasar

Allah ya jiƙan mahaifinku, ɗan'uwa, ya sa albarka a abin da ya bari. Ka ce ku biyar kuka gaji gonar, kuna son sa mata suna kafin ku fara buga buhu da allo, amma kanku ya rabu: wasu na son sunan marigayi, wasu na son a harhaɗa haruffan farko na sunayenku, kai kuma ka fi son sunan da zai nuna kiwon kajin da kuke yi. Ni dai a cikin ukun nan ba wanda zan fara da shi.

Ka je ka tambayi maƙwabta da tsofaffin ma'aikatan gonar, in za su yi wa baƙo kwatancen wurin, me suke cewa? Da wuya ka ga tsohuwar gona da ba ta riga ta sami suna a bakin mutane ba. Tamu akwai wata rijiya da ta ƙafe a gefen yamma, bakinta ya rufta, ciyawa ta cinye rabinsa, amma duk direban da zai kawo mana taki, kana ce masa "wajen tsohuwar rijiya" ba ya ƙara tambaya. Da muka tashi rajista ita muka ɗauko, muka ɗan gyara lafazin. Ba wanda ya ɓata rai, tunda rijiyar ba ta ɗakin kowa ba ce.

Dalilina shi ne gona tana riga mai ita tsufa, kuma tana nan bayansa. Haruffan nan biyar yau daidai suke, amma ranar da ɗayanku ya sayar da kasonsa fa, za a kankare harafinsa ne? Jikoki talatin da ke tafe kuma a wane harafi za su ga kansu? A Norway mutane sun daɗe ana kiran su da sunan gonar da suke zaune a kai, in sun tashi su ɗauki sunan sabuwar, har sai da dokar 1923 ta wajabta wa kowa tsayayyen sunan iyali, da yawa kuma sunan gonarsu suka riƙe. Wato can gona ce ta raɗa wa mutane suna.

Sunan marigayi ya fi sauran nauyi, kuma na fahimci masu son sa. Sai dai ku tuna kasuwa ba ta da kunya. Ranar da aka yi jinkirin biyan bashi, ko wani ya sayi ƙwai ya tarar da bara-gurbi, sunan da ke jikin allo shi za a ja a ƙasa, alhali mai shi yana kwance bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma suna in ya kama, ya kama ke nan. Gonar George Washington, shugaban Amurka na farko, Mount Vernon ake ce mata. Yayansa Lawrence ne ya sa mata sunan don girmama Edward Vernon, hafsan sojan ruwan Ingila da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. George ya zo ya jagoranci yaƙi da Ingilar kanta, sunan bai motsa ba har yau.

Naka na kaji kuwa, ka yi haƙuri, shi ya fi gajeren rai. Murar tsuntsaye ɗaya ko tsadar abincin kaji na iya mayar da ku noman rani ko kiwon kifi cikin shekara guda, allo na cewa kaji, buhu cike da albasa.

Akwai kuma ɓangaren takarda, wanda mutane ke rainawa. Rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar alamar kasuwanci daban, ta farkon ba lalle ta hana wani manna sunanku a kayansa ba. Hukumomin alama yawanci ba sa karɓar sunan da kwatancen kaya ne kawai, irin "Sabon Ƙwai" ko "Madara Mai Kyau", don ba za a hana sauran manoma faɗin haka ba. Rajistar alamar ma rukuni-rukuni ce. A tsarin Nice, wato tsarin kasa kaya rukuni-rukuni don rajistar alama, da ƙasashe da dama ke bi tun yarjejeniyar 1957, rukuni 45 ne yanzu: ɗanyen amfanin gona da dabbobi masu rai suna na 31, nama da ƙwai da madara suna na 29. Ku da ke sayar da kaji da ransu da kuma ƙwai, biyun duka sun shafe ku.

Sannan ka gwada sunan a waya. Kira wanda bai taɓa jin sa ba, ka faɗa masa sau ɗaya, ka ce ya rubuto maka. In ya rubuta daidai, madalla. In akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, ka duba yadda zai fita ba lanƙwasa, domin haka yawancin mutane za su buga shi a intanet, kada ma'anar ta juye ta zama abin dariya. Ka leƙa Facebook ma ka ga ko wani ya riga ku.

Abin da zan matsa muku a kai shi ne ku rubuta a takarda, ku biyar ɗin ku sa hannu, wa zai riƙe sunan idan aka raba gonar. Yanzu da ake ga-maciji da juna ne rubutun ke da sauƙi. Mahaifinku kuma ba a bar shi a baya ba: a ƙarƙashin sunan gonar, da ƙananan baƙaƙe, ku sa cewa shi ya kafa ta, da shekarar da ya fara sara. Allon farko ku yi na katako mai araha, ku bari a yi girbi ɗaya ana kiran sunan kafin ku ba da aikin buhu.