An ce jin mahaifina ya ragu da desibel 45, mene ne ma'anar wannan?

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara fiye da ashirin yana aikin injin niƙa, yanzu kuma yakan ce yana jin muryar mutane amma ba ya gane abin da suke faɗa, musamman a cikin taro. An yi masa gwaji, aka ba mu takarda mai zane-zane, aka rubuta desibel 45. Yaya ake wannan awo, kuma shin ya kurumce ke nan?

Amsa: Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Bai kurumce ba, sai dai lambar da aka ba ku rabin bayani ce kawai.

Kafin kowane awo, ana fara haska cikin kunne domin a tabbatar da cewa ba dauɗa ko mugunya ce ta toshe shi ba, kuma dodon kunne bai huje ba. Daga nan sai a shigar da mutum ɗakin da ƙarar waje ba ta shiga, a sa masa abin sauraro a kunne, a riƙa aiko masa da sautuka daga masu kauri zuwa masu siriri, wato daga kaɗawa 250 zuwa 8000 a daƙiƙa guda. Duk lokacin da ya ji sai ya danna maɓalli, mai gwajin kuma yana ta rage ƙarfin sautin har ya gano mafi ƙanƙantar da mutumin ke iya ji, ana kuma auna wannan ƙarfin sauti ne da desibel. Wannan ake zanawa a takardar da ke hannunku, jan da'ira na kunnen dama, shuɗiyar alamar X ta hagu.

Lamba ɗaya da ake faɗa wa iyali matsakaicin sakamakon sautuka huɗu ce: masu kaɗawa 500 da 1000 da 2000 da 4000. Bisa rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a rahotonta na 2021, ƙasa da desibel 20 ji ne lafiyayye, daga 20 zuwa 34 rauni ne kaɗan, daga 35 zuwa 49 kuma matsakaici, inda Baba ya faɗa ke nan. Matakan suna ci gaba da tsananta har zuwa 95, inda ake cewa ji ya tafi gaba ɗaya.

Abin da na fi so ki duba shi ne awo na biyu, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura mai girgiza a kan ƙashin bayan kunne, ta yadda sauti zai tsallake ramin kunne da dodonsa ya isa can ciki kai tsaye. Idan mutum ya ji sosai ta ƙashi amma bai ji ta ramin kunne ba, to matsalar tana kan hanya ne, kuma sau da yawa magani ko tiyata na gyara ta. Idan kuwa awon biyu sun faɗi tare, lalacewar tana cikin sashen nan mai kama da katantanwa ko a jijiyar ji, kuma ƙwayoyin da suka mutu a can ba sa sake tsirowa. Akwai kuma wanda ke haɗa nau'in biyu.

Ban ga takardar ba, amma aikinsa da kokensa sun fi karkata ga nau'i na biyu, wato lalacewar can ciki. Ƙarar inji takan fara cin sautuka masu siriri, ta bar wani rami a zanen a wajajen 4000, kuma a wannan yankin ne baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" suke, shi ya sa murya ke iso masa amma kalmomi su cuɗe. Mutane kan ɗauka taurin kai ne, alhali ba haka ba ne.

Ku koma wurin wanda ya yi gwajin, ko wata cibiya kamar Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ku nemi a yi masa gwajin fahimtar kalmomi, sannan a daidaita masa na'urar taimaka wa ji bisa zanensa, kada ku saya a kasuwa da ka. Idan har yanzu yana zuwa wurin injin, ya riƙa sa abin toshe kunne daga yau.