An ce 'yan kunnena ne suka hana ni aure

Tambaya: Baba Fasto, salama. Shekaruna 28, ina cikin ƙungiyar mawaƙa a ikilisiyarmu. Wani baƙon mai wa'azi da ake kira annabi ya tsayar da ni a gaban jama'a, ya ce 'yan kunnena da ƙarin gashin da nake kitso da shi ne suka tsare mini aure, in kuma na mutu da su ba zan ga fuskar Allah ba. Na cire su, amma har yau ba na samun barci. Shi ne kuma ya nuna mini wani ɗan'uwa ya ce shi ne mijina. Kowa na yabon ɗan'uwan, kullum tsaf-tsaf, in yana addu'a har gini amsawa yake yi. Amma da idona na ga ya mari ƙanwarsa don ta yi jinkirin kawo masa ruwa. Ina tsoron in ƙi shi, ya zama muryar Allah na ƙi.

Amsa: 'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ki kwanta ki yi barcinki. Cetonki jinin Almasihu ne ya saye shi, ba a kunnenki yake rataye ba.

Na san ayar da ya kafa miki, 1 Bitrus 3:3, don ita suke ɗaukowa kullum, su kuma tsaya a tsakiyar hanya. Abu uku Bitrus ya jera a wurin: kitso, gwal, da sa tufafi. In haramtawa yake yi, to tufafin ma sun haramta ke nan, sai annabin ya faɗa mana yadda za mu zo sujada. Aya ta 4 ce ta bayyana nufinsa, wato adonki na ainihi ya zama na zuciya, tawali'u da natsuwa. Bawan Ibrahim zobe da mundaye biyu na gwal ya sa wa Rifkatu a bakin rijiya (Farawa 24:22). A Ezekiyel 16:12 Allah da kansa ya ce ya sa wa Urushalima 'yan kunne. In ikilisiyarku tana da ƙa'idar sutura ga mawaƙa, ki bi don zaman lafiya da ladabi. Ƙa'idar taro ce, kada wani ya mayar miki da ita ƙofar sama.

Rabin tambayarki na biyu shi ne ya fi tayar mini da hankali, don da wuya mako ya wuce ban ci karo da irinsa ba. Mutanenmu sun ɗauka cewa ana iya karanta zuciyar mutum a jikin rigarsa. Mun saba ganin illar wannan ta gefe ɗaya, yadda ake kunyata yarinya saboda jan-baki. Ɗaya gefen ya fi muni: da zarar an sa sutura ta zama ma'aunin tsarki, an ba mugu hanya mafi arha ta ɓuya. Riga mai dogon hannu da babban Littafi Mai Tsarki a hammata, kowa na iya saye a yini ɗaya. Haƙuri ba a kanti ake samunsa ba.

Akwai wata mata da ta taɓa zuwa ofishina, an san ta da rufe jiki har wuyan hannu, ana nuna ta ga 'yan mata a matsayin abin koyi. Tana cikin magana sai ta naɗe hannun rigar, na ga tabo sabo da tsoho a jere. Mijinta ne ke jagorantar addu'ar asuba, murya kamar ta mala'ika. Shekara da shekaru ba wanda ya yi tambaya, saboda hoton ya yi kyau. Ni ma ina cikin waɗanda suka yabe su daga bagade, kuma har yau abin yana cina.

Ba mu kaɗai muke faɗawa wannan rami ba. Sama'ila annabi ne na gaske, ba irin na allon talla ba, amma da Allah ya aike shi ya zaɓi sabon sarki cikin 'ya'yan Yesse, ya ga Eliyab, dogo, cikakken namiji, nan take ya ce a ransa ai ga zaɓaɓɓen Ubangiji. Kuma fa ya riga ya ga yadda ta kaya da Sarki Saul, wanda ya fi kowa tsayi a Isra'ila. Sai da Allah ya tsawata masa cewa mutum yakan duba waje, Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa (1 Sama'ila 16:7). 'Ya'ya 7 suka wuce a gabansa kafin a kirawo autan, Dawuda, daga wurin kiwo. Ki lura, aya ta 12 ta ce Dawuda ma kyakkyawa ne. Ashe kyau bai hana shi ba, bai kuma ba shi ba. Ɗansa Absalom kuwa ba wanda ya kai shi kyau a ƙasar, gashin da yake askewa a shekara yakan kai shekel 200, fiye da kilo 2. Yakan tsaya a ƙofar gari da sassafe yana rungumar masu kawo ƙara, har ya sace zukatan mutane, ya kori mahaifinsa daga gadon sarauta. Kyan ɗan maciji ke nan.

Yesu bai sassauta wa wannan ba. Ya kira Farisiyawa kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa (Matiyu 23:27). Ana shafa musu farar ƙasar ne gabanin Idin Ƙetarewa don kada matafiyi ya taɓa su ya ƙazantu har kwana 7. Wato farin ma gargaɗi ne cewa a nisanta. Mu kuwa da mun hango fari sai mu ruga mu miƙa 'ya'yanmu mata. Na gaji da masu wa'azin da za su yi awa guda a kan tsawon siket, amma ba su taɓa buɗe baki a kan dattijon da ya danne kuɗin marayu ba. Awon siket ba ya bukatar ƙarfin hali, shi ya sa.

Wasu kuma sukan juya ayar su ce tunda zuciya Allah yake dubawa, kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan magana ce ta wanda bai yi tunani ba. A ce ana duba zuciyata ya fi a ce ana duba rigata ban tsoro.

To ta yaya za ki gane halin mutum tunda ba ki ganin zuciya? Yesu ya ce kamar itatuwa, da 'ya'yansu za ku san su, Bulus kuma ya lissafta 'ya'yan a Galatiyawa 5:22-23, daga ƙauna har zuwa kamunkai. Ƙarfin murya a addu'a ba ya cikinsu. Marin nan da kika gani ɗan itacen ne, kuma a gida ya faɗo, inda yake zaton ba mai kallo. Hannun da ya tashi kan ƙanwa saboda ruwa ba zai yi wa matar aure kara ba.

Kada ki sa rana, kada ki karɓi komai daga hannunsa. Ki samu fastonki da matarsa, ko wata dattijuwa da kika amince da ita, ki faɗi abin da kika gani yadda kika faɗa mini. In an ce miki annabi ya riga ya yi magana, ki buɗe musu 1 Yohanna 4:1, inda aka umarce mu mu gwada ruhohi. Ƙanwar tasa kuma, ki neme ta ita kaɗai, ki tambaye ta ko wannan ne karo na farko.