Fatawa: Shin za a iya taimaka wa iyalan sojojin da aka yi wa canjin wurin aiki da kuɗin zakka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu ƴan kwamitin wani masallaci ne a nan Tawa, a Jamhuriyar Nijar, kusa da barikin soja. Ana yawan kawo sojoji daga Yamai, Difa da Tilaberi, waɗanda ba su sami ɗaki a bariki ba su kama haya a unguwarmu. Wani ko sati biyu bai yi ba an tura shi daji, ya bar mata da yara ba su san kowa ba, wasu ko Hausa ba su ji. Ƴan kasuwa na ba mu zakkarsu mu raba. Wasunmu sun ce a ba waɗannan iyalai domin matafiya ne kuma mazansu na fi sabilillahi, wasu sun ce mai albashi ba ya cin zakka. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri. Taimakon da kuke nufi yana da asali mai ƙarfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya shirya mayaƙi ya yi yaƙi, wanda kuma ya kula da iyalinsa da alheri a bayansa shi ma ya yi yaƙi. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci baƙo a umarni guda. Amma zakka tana da ƙofofi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma ɓangarorinku biyu kowanne ya kuskure ƙofar da ta dace.

Ibnus sabil, wato matafiyi, a mazhabar Maliku shi ne baƙon da guzuri ya yanke masa, yana neman abin da zai kai shi garinsu. Iyalin da suka sauke kaya a Tawa da niyyar zama ba sa cikin wannan, ai ko kasaru ta faɗi a kansu tun da suka yi niyyar kwana huɗu. Sai dai matar da ke son komawa gidan iyayenta ba ta da kuɗin mota, wannan ana iya ba ta gwargwadon abin da zai kai ta. Rabon fi sabilillahi kuwa malamanmu sun keɓe shi ga mayaƙin da kansa da kayan yaƙinsa, ba a biyan hayar gidan iyali da shi, kuma Shafi'iyya da Hanabila sun ce mai albashi daga baitulmali ba shi da rabo a ciki.

Ƙofar da ta dace ita ce ta fakirai da miskinai, sannan ta masu bashi. Masu cewa albashi yana hana zakka ba su yi daidai ba. Fakiri a wurinmu shi ne wanda abin hannunsa ba ya isar sa shekara, kuma Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa ya halatta a ba wanda ya mallaki nisabi in bai ishe shi ba, a ba shi har abin da zai kai shi shekara. Don haka lissafi za ku yi. A ce ƙaramin soja yana da mata da yara biyar, haya da ruwa da wuta da hatsi da magani suna cin jika ɗari da ashirin na sefa a wata, abin da ke shigo masa jika ɗari ne. Giɓin jika ashirin a wata, wato jika 240 a shekara, shi ne iyakar abin da za a ba shi. Hafsan da albashinsa ya wadace shi ba ya shiga, ko da jiya ya iso garin.

Akwai wurin da kwamitoci ke yawan zamewa. Ciyar da mata da ƙananan yara wajibi ne a kan miji, kuma wanda ciyarwarsa ke kan mawadaci ba a ba shi zakka muddin tana isa gare shi. To ku bambance hali uku. In mijin ne ba shi da isasshe, gidan duka mabukata ne, a ba su. In yana da shi amma ya shiga inda babu layin waya ko wurin aika kuɗi, a ba matar abin da zai riƙe su har saƙo ya iso, ko mafi kyau a ranta mata daga asusun sadaka. In kuwa yana da shi, yana da hanyar aikawa, ya ƙi, kada ku mai da zakka abin rufa wa azzalumi asiri. A tsayar da yunwar yau, sannan a kai maganar ga limamin bariki ko na gaba da shi a aiki, in ta ƙi a je wurin alƙali ko Ƙungiyar Addinin Musulunci.

Bashin ƙaura ma abin dubawa ne. Daga Yamai zuwa Tawa ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ya haura kilomita 500, ga kuɗin motar kaya, ga watannin da mai gida ke karɓa kafin ya ba da makulli. Wanda ya ci bashi don wannan, ba don ɓarna ba, ana biya masa bayan ya fara biya da abin da ke hannunsa da rarar kayansa. Ko ya rasu ana biya masa, wannan ma nassin Khalil ne.

Sharuɗɗan bayarwa kuma, ga su. Zakkar kuɗi a ba da ita kuɗi. Kada kwamiti ya ga gida babu katifa ya sayo da kuɗin zakka bisa ra'ayin kansa, domin fitar da kaya a madadin kuɗi bai isar ba a mashahurin zancen mazhaba. Ku damƙa wa matar gidan kuɗin, in ta ce ku sayo mata, kun zama wakilanta. Zakkar hatsi a ba da hatsi, a auna da tiya a gabanta. Mai gidan haya da ke bin su wata uku ba zai yafe ya ce ya fitar da zakka ba, bashin da ke kan wanda ya kasa biya ba a lissafa shi zakka. In ya yafe sadaka ce mai lada, zakkarsa na nan a kansa. Ƴan kwamiti ba ku da rabon ma'aikatan zakka, wannan na wanda hukuma ta naɗa ne, ku wakilan masu dukiya ne. Kuma ba sai kun ce wa matar zakka ce ba, niyyar mai dukiya ta isa, malamai ma sun ƙi a faɗa saboda karya zuciya. Masu cewa a fara da ƴan gari su sani abin da ake dubawa shi ne wurin da mabukaci yake zaune, ba garin da aka haife shi ba.

Ku ware asusu biyu da littafi biyu. A cikin sojoji akwai Kiristoci, iyalansu ba su cin zakka amma suna da haƙƙin maƙwabtaka cikakke, daga asusun sadaka za a taimake su. A ganina ma yawancin abin da baƙuwa ke buƙata ba kuɗi ba ne. Wanda zai raka ta wurin mai unguwa a san da ita, wanda zai nuna mata gidan likita mafi kusa, matar da ke jin Zabarmanci ko Barbarci da za ta shiga kasuwa da ita kada a tsawwala mata. Makarantu suna buɗewa a watan Oktoba, yaron da aka kawo tsakiyar shekara ba tare da takardar canjin makaranta da takardar haihuwa ba yakan zauna gida, abin ya fi muni ga mai shirin jarrabawa. Ku tambayi wannan tun ranar farko, tun ana iya sa wani ya karɓo a tsohon garin.

Sai abin da ya fi komai nauyi. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna gida kamar alfarmar uwayensu ce, ya kuma ruwaito hanin namiji ya shiga wurin matar da mijinta ba ya nan sai da mutum ɗaya ko biyu tare da shi. Mutanen Adar, wato ƙasar Tawa, sun san wannan, yanki ne da maza ke tafiya cirani. Saboda haka mata dattijai su riƙa kai taimako, namiji ya tsaya a zaure, kuma kada ɗan kwamiti ya riƙe lambar matar wani yana kira da dare wai yana jin lafiyar yara. Sunayen iyalan su zauna a littafi wurin liman da ma'aji. Kada a sa su a WhatsApp, kada a ɗauki hoton rabo, kada a tambayi mata inda aka tura mijinta. A halin tsaron da ake ciki, jerin gidajen sojoji da babu maza a ciki ba abin yaɗawa ba ne.

In labarin rasuwar miji ya zo, matar za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a gidan da take. Risala ta ce tana da haƙƙin zama in gidan na mamacin ne ko ya riga ya biya hayarsa. In bai biya ba, hayar ta koma kanta, kuma ba ta da ciyarwa daga dukiyar gado sai rabonta. Nan ne ya kamata kwamiti ya riga kowa zuwa wurin mai gidan, a ba ta kuɗin hayar waɗannan watanni daga zakka in mabukaciya ce, kada a fitar da ita kafin ta gama. Wallahu a'alam.