Majigi Don Gidan Kallon Ƙwallo A Daura: Lissafin Da Za Ka Yi Kafin Ka Saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Daura, a bayansa kuma akwai ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 5. Ina so in mai da shi gidan kallon ƙwallo, ranakun da babu wasa kuma iyalina su kalli fim. Na ware naira 800,000. Na ga wani majigi a intanet, an rubuta lumen 9,500 da 4K, kuɗinsa bai kai 100,000 ba. In saye shi, ko in haƙura in sayi talabijin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan majigin da ka gani, kada ka saye shi don kasuwanci. Amma ɗakin naka ya dace da majigi, don haka shawarar ba ta mutu ba, sai dai a sake tsarin kashe kuɗin.

Mu fara da lambar nan 9,500. Ma'aunin hasken majigi da ake dogaro da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI lumen. Ƙananan majigin nan masu araha kan rubuta wata lamba ta daban wadda ba hasken da ke isa bango take nufi ba, in aka auna na gaskiya sau da yawa ba ya wuce ɗaruruwa kaɗan. Wannan ya isa a ɗakin kwana da dare, a hoto ɗan madaidaici, fitila a kashe. Kai kuwa kasuwarka da rana take farawa. Wasannin Firimiya na ranar Asabar ana take na farko da 12:30 agogon Ingila, na biyu da ƙarfe 3, wato a nan 1:30 da ƙarfe 4 a watannin sanyi. Rana tsaka ke nan a Daura. Ka nemi mai ANSI lumen 3,000 zuwa 4,000, irin na Epson, BenQ, Optoma ko ViewSonic. Kalmar 4K ɗin ma haka take: nufinsu injin zai karɓi hoton, ba wai zai nuna shi haka ba. Ka tambayi ainihin ƙwayoyin hoton da yake fitarwa. In 1920 sau 1080 ne, madalla. 1280 sau 800 ma zai yi aiki. In aka ce 800 sau 480, mutanen layin baya ba za su iya karanta minti da yawan ƙwallayen da ke kusurwar allo ba, kuma wanda ya biya kuɗi bai ga maki ba gobe wani gidan zai tafi.

Batun talabijin kuwa ya danganta da yawan mutane. Da ɗakin na mutum ashirin ne zuwa talatin, da mun ce ka sayi talabijin mai inci 65 ka huta: ba ya tsoron haske, ba ya cin wuta sosai, babu fitilar ciki irin ta majigi da za ta mutu. Naka ɗakin zai ɗauki kusan hamsin, na baya kuma yana nesa da mita takwas. A nan ne majigi ke da riba. Duk da haka ka bar kuɗin talabijin ƙarami a cikin jarin, mai inci 43, saboda dalili biyu: ranar da majigi ya yi gardama, da ranar da manyan wasanni biyu suka haɗu lokaci guda, wanda zai buƙaci dikoda ta biyu.

Sabon majigi mai wannan ƙarfi zai iya cinye rabin jarinka ko fiye, shi ya sa da yawa ke komawa na hannu a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas. Ba laifi ba ne, in ka san abin dubawa. Ka sa a kunna shi aƙalla minti talatin a gabanka, domin mai ciwon zafi sai ya ɗumama yake kashe kansa. Ka sa a haska farin shafi zalla: tabo ruwan ɗorawa ko shuɗi a nau'in majigin da ake kira LCD alama ce cewa zafi ya cinye cikinsa, ɗige-ɗige farare ko baƙaƙe kamar taurari a nau'in da ake kira DLP kuma ƙaruwa suke yi, ba sa raguwa. Ka duba awannin fitila a cikin saitin injin, amma kada ka gaskata lambar ita kaɗai, ana iya mai da ita sifili. Idonka ne alƙali. Sai ka tabbatar yana da ramin HDMI, inda wayar hoto daga dikoda ke shiga, domin tsofaffin na ofis masu tsohon ramin VGA kawai sukan ƙi jituwa da dikodar zamani ko an sa mahaɗi. Abu na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa: kafin ka biya, ka tambayi lambar fitilarsa, kuɗinta, da ko akwai ta a kasuwar a ranar. Majigin da ba a samun fitilarsa, ranar da ta mutu ya zama kayan gwangwan.

Yanzu awo. Allo mai inci 120 faɗinsa santimita 266 ne, tsayinsa 149. Mai inci 100 kuma 221 ne da 125. A bangonka mai mita 5, inci 120 ya zauna daidai. Nisan da za ka ajiye injin yana cikin littafinsa, wata lamba ce da ake ninkawa da faɗin allo. In lambar 1.5 ce, sai ka ninka da 266, ka sami kusan mita 4 daga bango zuwa gilashin. Kada ka huda komai tukuna. Ka ɗora shi a kan tebur, ka kunna, ka matsa gaba da baya har hoton ya cika inda kake so, sannan ka yi alama a sama ka kira mai walda.

Rataye shi a sama ya fi, a kife, da ƙarfen da aka ɗaure a jikin katakon rufi ba a jikin silin ba. A tebur, duk wanda ya miƙe murnar ci inuwarsa za ta rufe filin, kuma wata rana sai an ture shi. Gilashin ya kasance saitin tsakiyar allo daga hagu zuwa dama. Akwai maɓallin gyara karkacewar hoto, amma matse hoton yake yi yana rage masa kyau, don haka a gyara da hannu, a bar wa maɓallin ɗan abin da ya rage. Ƙasan allo ya tashi kamar santimita 120 daga daɓe don kawuna kada su tare. Ka haɗa da tsayin allon, 149, za ka ga kana buƙatar bango mai kusan mita 3. In bai kai ba, ka koma inci 100.

Allon kansa ba sai ka saya ba. Filasta mai santsi, a goge, a yi mata farin fenti marar sheƙi shafi biyu ko uku, a zagaye da baƙin layi mai faɗin tafin hannu. Fenti mai sheƙi yana mai da haske dunƙule guda a tsakiya, yana kashe ido. Farin yadi kuma fanka na kaɗa shi, sai ka ga 'yan wasa suna lanƙwashewa. Abin da ya fi allon tasiri shi ne duhu. Majigi ba ya iya haska baƙi, baƙin da ke cikin hoto duhun ɗakin ne. Ka sa labule mai kauri a tagogi, ka yi wa ƙofa shinge ko labule biyu yadda mai shigowa ba zai watso rana a kan allo ba. Layin farko ya fara daga mita 3.5. In ka bar hanya mai mita 1 a tsakiya, kowane layi zai ɗauki mutum takwas, layi shida tazarar santimita 80, mutum 48 ke nan. Benci biyun baya a ɗaga su da bulo.

Sauti kada ka dogara da na cikin majigi, na ofis ne. Ka ɗauko shi kai tsaye daga dikoda, ta wayar nan mai ja da fari, zuwa amfilifaya da lasifika biyu a gefen allo. Bulutut yakan jinkirta murya, a ga ƙwallo ta shiga raga kafin a ji ihun mai sharhi. Wayar HDMI kuwa in ta wuce mita 10 takan fara ɗauke hoto, musamman mai araha, don haka ka ajiye dikoda kusa, ka sayi waya mai kauri, ka ajiye wata a aljihun tebur.

Abin da ke kashe majigi a ƙasarmu uku ne: zafi, ƙura, da wuta. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, ka kuma san yadda Afirilu da Mayu suke a Daura, ga shi ka rataye shi a ƙarƙashin kwano inda zafin ya fi taruwa. Silin dole ne a ɗakin nan, ba ado ba ne. Ka bar masa sarari kamar rabin mita a gefen da yake shaƙar iska da gefen da yake fitarwa. In za ka yi masa keji saboda ɓarayi, na sandunan ƙarfe za ka yi, ba akwatin katako ba. A lokacin hunturu ka cire matatar iskarsa duk mako ka kakkaɓe, sauran watanni duk mako biyu. In ta toshe, fanka za ta yi ta ruri, jar fitilar gargaɗi ta kama, injin ya mutu ana tsaka da wasa. Bayan ya huce a lulluɓe shi da yadi, amma a tuna a cire kafin a kunna. Gilashi kuma da ƙyalle mai laushi ake share shi, ba da bakin riga ba.

Wuta ita ce babbar magana. Fitilar majigi na yin zafi ƙwarai, shi ya sa in aka kashe da rimot fanka kan ci gaba da juyawa har ta huce. Ɗaukewar wuta farat ɗaya, da sake kunnawa nan take tana da zafi, su ke rage mata kwana. Ka sa masa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, mai 1,000VA, shi da dikoda kaɗai. Aikinsa ya riƙe su na 'yan mintocin da za a tada janareta. Mai 650VA ya yi kaɗan. Ka kuma haɗa jimillar kayanka: majigi kusan wat 300, sauti 100 zuwa 150, fanka huɗu kusan 280, dikoda da ƙwayayen fitila 50 ko 60. Ka doshi wat 800. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ba zai ɗauka ba, kuma wutarsa hawa da sauka take yi. Ka nemi mai 2.5kVA wanda yake daidaita wuta. In sola kake tunani, awa biyar a wat 800 ya kai kilowat-awa 4. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da 2.4, rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato batir huɗu ke nan ban da faranti da inbata. Wannan ya fi ƙarfin jarin yanzu, sai kasuwa ta kankama.

Ga lissafin riba, da lambobin misali waɗanda za ka musanya da na garinku. Mu ɗauka kuɗin shiga naira 300 ne, wasa ashirin a wata, mutum talatin a kowane wasa in an haɗa ranar cika da ranar fayau. Ka sami 180,000. Fetur lita biyu a kowane wasa, lita 40 a wata, in lita 900 ce 36,000 ke nan. A ce kuɗin dikoda, ladan yaro mai karɓar kuɗi da ƙananan gyare-gyare sun kai 80,000. Ka ware 10,000 a asusun fitila, wanda ba a taɓawa ko da me. A takarda fitila na yin awa 4,000 zuwa 6,000, fiye da haka in an sa ta a yanayin tsimin wuta, amma da ƙurarmu da zafinmu ka ƙiyasta rabi. Abin da ya rage maka 54,000 ne. Jarin 800,000 zai dawo cikin wata goma sha biyar na aiki, in ka sa Yuni da Yuli da ake hutun ƙwallon Turai, shekara ɗaya da rabi ke nan. To amma duba wannan: kuɗin da kake kashewa, 126,000, daidai yake da mutum 21 a kowane wasa. In matsakaicin masu zuwa ya sauko ashirin, daga ribar shinkafa da sukarin shago kake ciyar da gidan kallo. Saboda haka kafin ka sayi ko da ƙusa, ka ɗauki mako biyu kana leƙa gidajen kallon da ke kusa da kai, ka ƙirga kawuna a ranar babban wasa da kuma daren Litinin. Lambar daren Litinin ita ce gaskiyar kasuwar. Littafin gidan kallo kuma ya zama daban da na shago tun ranar farko.

Nuna wa jama'a wasa don kuɗi ba ɗaya ba ne da kallon gida. DStv na da rajista ta daban don wuraren kasuwanci, ka tambayi wakilinsu kuɗinta kafin ka kammala lissafi. In kana da niyyar haska fim a biya, wannan kuma yana buƙatar izinin masu fim ɗin da lasisin hukumar tace fina-finai. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabta, ka tsayar da ƙa'idar rage sauti lokacin sallah, ka hana caca da shigar yara lokacin makaranta, domin ƙorafi ɗaya na iya rufe wurin da ka zuba wa jari.

Kallon iyali shi ne mafi sauƙi. Ƙaramin akwatin Android da ake sakawa a ramin HDMI ya wadatar don YouTube da makamantansa, ya kuma fi haɗa wayar salula kai tsaye, tunda wasu manhajojin fim ba sa yarda a jefa hotonsu daga waya zuwa majigi, sai ka ga allo baƙi ƙirin ana jin murya. Hoto mai kyau kan ci data har gigabait 3 a awa, gara a sauke fim tun da rana. Da dare ka mai da fitilar yanayin tsimi, hasken ya isa, fankar ma ta rage ƙara. Sai dai awannin da yara suka ci a katun daga fitilar kasuwa suke fita, don haka ka rubuta su a littafin kamar yadda kake rubuta na wasa.