Caji da sola maimakon tayar da janareta

Tambaya: Malam, laftof ɗaya da waya biyu nake aiki da su, kuma kullum sai na tayar da janareta don in yi caji. Shan fetur ya ishe ni. Wane irin sola zai wadatar da ni?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sayi komai, juya cajar laftof ɗin ka duba bayanta. Za ka ga an rubuta 45W ko 65W. Iyakar ƙarfinta ke nan, kuma a aikin rubutu da hawa intanet ba ta cika kaiwa can ba. Mu ce wat 50 na tsawon awa shida, wat-awa 300 ke nan. Batirin waya mai 5000mAh bai wuce wat-awa 20 ba, biyu su ba ka 40. Duka-duka 340 a yini. A kan wannan ɗan abin kake kunna injin da aka ƙera don ɗaukar ɗaruruwan wat, alhali ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba, mai yake sha.

Faifan sola mai wat 100 ba zai ba ka ɗarin cif-cif ba, domin a ɗakin gwaji aka auna shi, a zafin digiri 25. Idan ya ɗauki zafi a kan rufi ƙarfinsa na raguwa, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, ga ƙura kuma. A wurin da rana ke da ƙarfi, ka sa ran wat-awa 300 zuwa 400 a yini daga gare shi. Don haka nemi mai wat 150 ko 200, saboda ranakun gajimare. Faifan ba shi ne abin tsoro ba yanzu: farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne batir. Mai ruwan asid na 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, amma rabi ne naka. In kana tatse shi har ƙasa, ba zai yi ƙarko ba. Batirin mota kuwa kada ma ka fara, an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi. In da hali, ɗauki na litiyam irin LiFePO4, wanda ke jure caji sau dubbai. Kuma kada ka haɗa faifai da batir kai tsaye, sai da kwantirola a tsakani, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir. A cikin ire-irenta, wadda ake kira MPPT ta fi wadda ake kira PWM tatso wuta.

Inbata fa, wato na'urar da ke juya wutar batir (DC) zuwa irin wutar gida (AC)? In laftof ɗinka na caji ta USB-C, ba dole ba ne. Sami caja mai PD (tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C) da ke aiki da 12V. Juya wuta daga DC zuwa AC, sannan caja ta sake mayar da ita DC, asara ce sau biyu.

Tambaya: Na sayi fawa banki mai ɗan sola a bayanta, na shanya ta kwana uku ba ta cika ba. Jabu aka sayar mini?

Amsa: 'Yar'uwa, ba lallai jabu ba ce, ɗan faifan ne bai da ƙarfi. Wat ɗaya zuwa biyu yake bayarwa, ita kuwa mai 10,000mAh tana buƙatar wat-awa 37 zuwa sama. Sai ta yi mako guda a rana, zafin kuma yana cinye batirin da ke ciki, har ya kumbura. Ni dai ado na ɗauki wannan faifan. Nemi mai naɗewa na wat 20 da ke da kafar USB, ki shimfiɗa shi a rana, ki ja igiyar cajin ki ajiye fawa bankin a inuwa.